ABINCIN 'YAN MAKARANTA DA WASANNINSU

Darasi ga masu koyon aikin malanta

Mutanen da sun ce, da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wannan magana ta shafi ɗan makaranta kamar yadda ta shafi manomi da maƙeri, gama karatu ma aiki ne, yana kuwa cin ƙarfi. Sau da yawa malami ya kan shirya darasinsa sarai, ya yi rubutu mai kyau a allo, ya yi bayani har muryarsa ta dushe, sa'an nan ya ga rabin ajin suna gyangyaɗi tun hantsi bai yi ba. Sai ya ce yaran ragwaye ne, ko kuwa daƙiƙai, ya ɗauki bulala. Da zai tambaye su ɗaya ɗaya abin da suka ci kafin su fito daga gida, da ya sami amsar da bulala ba ta iya ba shi. Sabo da haka cikin wannan darasi za mu duba abu biyu waɗanda sauran aikin makarantar firamare duka ya ke tsaye a kansu, watau abin da yaro ya ke ci, da yadda ya ke motsa jikinsa.

1. Abin da ya sa wannan ya zama aikin malami

Wani zai ce ciyad da yaro aikin iyayensa ne, lafiyarsa kuwa aikin likita. Gaskiya ne, amma likita ba ya ganin yaro sai ya kwanta, iyaye kuwa ɗansu kaɗai su ke gani, ba su da wanda za su gwada shi da shi. Malami ne ke ganin yara da yawa tsara ɗaya kullum, a jere. Shi zai fara lura da wanda ya fi sa'o'insa gajarta ƙwarai, da wanda ya rame, da wanda ya ke haki in ya yi ɗan gudu kaɗan.

Abin kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin ko wane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma kuwa lissafin ya kai 57 cikin 100. Har wa yau binciken ya nuna 68 cikin 100 na ƙananan yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. To, waɗannan yara su ne suka shiga aji ɗaya a shekarun da suka biyo baya, kuma irinsu ne za ku tarar a kan benci ran da kuka kama aiki.

Ku sani kuma ƙwaƙwalwa tana cin abinci da yawa. A jikin babban mutum ta kan ci wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa in yana hutawa, a jikin yaro kuwa rabonta ya fi haka nesa. Yaron da ya zo makaranta cikinsa wayam, kamar fitila ce wadda aka kunna ba a zuba mata mai ba.

2. Aiki uku da abinci ke yi

In za ku koya wa yara wannan, kada ku cika su da sunaye masu wuya. Ku raba musu abinci gida uku bisa ga aikinsa, ku kuma kawo misalai daga abin da su ke gani a kasuwar garinsu.

Na fari, abinci mai ba da ƙarfi. Shi ne hatsi da saiwa da mai: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rogo, doya, dankali, man gyaɗa, man shanu. Wannan shi ne itacen da ke riƙe wutar jiki. Yawancin gidajenmu in akwai abinci, to, wannan kashi ba ya yankewa, gama tuwo da fura da koko duk daga nan su ke.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Shi ne wake, gyaɗa, gujiya, waken suya, nono, ƙwai, kifi, nama, daddawa. Da shi a ke gina tsoka da jini da fata, da shi kuma a ke gyara abin da ya lalace. Babban mutum gininsa ya ƙare, gyara kaɗai ya ke bukata, amma yaro yanzu a ke ɗora tubalinsa, don haka in an dubi girman jikinsa bukatarsa ta fi ta ubansa. A nan ne al'adar wasu gidaje ta ke cutar yara, inda a kan kai wa maigida tsokar nama a bar wa yaro romo da ƙashi.

Akwai wata dabara da ya kamata kowa ya sani. Hatsi ma yana da ɗan abin gina jiki, amma akwai wani yanki da ya gaza a cikinsa, wake kuwa yana da wannan yanki da yawa. In aka haɗa su cikin ci ɗaya sai su cika juna. Ashe kakanninmu da suka haɗa shinkafa da wake, da koko da ƙosai, da tuwo da miyar gyaɗa, da fura da nono, sun yi hikima ko da ba su shiga aji ba. Talaka wanda ba ya iya sayen nama kullum, in ya riƙe wannan haɗi, 'ya'yansa za su ginu.

Na uku, abinci mai tsare jiki daga cuta. Shi ne ganye da 'ya'yan itace: zogale, rama, alayyafo, kuka, yakuwa, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, goba, lemo, da na jeji irin su magarya da ɗinya da kanya da tsamiya da garin 'ya'yan kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2023 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 9 ya sami giram 350 na ganye da 'ya'yan itace ko wace rana, wanda ya kai shekara 10 kuwa giram 400. Ba kowa ke da ma'auni a gida ba, sai mu ce wa yara su ci abin da zai cika tafin hannunsu sau huɗu ko biyar a yini, a haɗa da ganyen miya cikin lissafin.

3. Ƙananan abubuwa masu babban aiki

Cikin wannan kashi na uku akwai wasu abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira bitamin, da wasu sinadarai na ƙasa. Kaɗan jiki ke bukata, amma in babu su sai cuta ta shigo, ko da ciki a cike ya ke.

Ga wani labari da yara ke jin daɗinsa. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, matuƙa su kan yi watanni a teku suna cin busasshen gurasa da naman gishiri kaɗai. Sai wata cuta ta kama su, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi ta girgiɗi, mutum ya kasa tashi. A shekarar 1747 wani likitan jirgin yaƙin Ingila, sunansa James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu biyu, ya ba ko wane biyu magani dabam. Biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka warke da sauri. Shi kansa bai san abin da ke cikin lemon ba. Sai a shekarar 1912 wani masani, Casimir Funk, ya ƙaga sunan bitamin, daga baya kuma aka gane wanda ke cikin lemo, aka sa masa suna bitamin C. Mu kuwa muna da shi a goba, wadda ta fi lemo yawansa, da garin 'ya'yan kuka.

Akwai huɗu da suka fi damun yaran ƙasarmu.

Dundumi. In yaro ya rasa bitamin A, da magariba ta yi sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe, in abin ya daɗe kuwa ido ya bushe, har ya kai ga makanta. Rashinsa kuma ya kan sa ƙyanda da zawo su yi wa yaro tsanani. Maganinsa yana cikin manja, da hanta, da ƙwai, da duk ganye mai duhun kore, da 'ya'yan itace masu jan ciki kamar mangwaro da gwanda, da karas da kabewa da dankali mai jan ciki. A ci ganyen da ɗan mai, gama sai da mai jiki ke iya ɗaukarsa. Tun shekarar 2002 dokar Nijeriya ta wajabta wa masu masana'antu su sa wannan bitamin cikin man girki da sukari da fulawa.

Ƙarancin jini. Jini yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ya ɗauki iska daga huhu ya kai ko'ina cikin jiki. Yaron da ya rasa shi ya kan gaji da wuri, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ka ja fatar idonsa ta ƙasa sai ka ga ta yi fari, haka ma tafin hannunsa. A kan sami ƙarfen a hanta da nama da kifi da wake da gero da zogale. Abu mai tsami irin lemo ko goba yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa yana hana shi, don haka kada a ba yaro shayi mai kauri a kan abinci. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shanye jini.

Maƙoƙo. Rashin sinadarin aidin ke kawo shi. Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, amma ɓarnar da ba a gani ta fi girma, gama rashin aidin yana dakushe basirar yaro. Tun shekarar 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya. A ajiye gishirin cikin mazubi mai murfi, nesa da rana da laima, domin aidin ya kan gudu in an bar shi a buɗe.

Kwashiyoko. Wata likita, Cicely Williams, ita ta fara bayyana wannan cuta ga likitocin duniya a shekarar 1933, tana aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, sunan kuwa daga harshen mutanen Ankara ta ɗauko shi. Ƙafafun yaro su kan kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya zama ba ya son wasa. Ya fi kama waɗanda aka yaye, amma malami zai gan shi a jikin ƙannen almajiransa. In kun gani, ku gaya wa iyaye su kai shi asibiti ran nan, kada su ɗauka ƙiba ce.

Wajen girki ma a kan yi hasara. In an dafa ganye har ya yi baƙi aka zubad da ruwansa, an zubad da rabin amfaninsa. Yawan kanwa yana kashe wasu bitamin. Hatsin da aka surfe har ya yi fari fat ya bar alherinsa da yawa cikin dusa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa a zubad da ita, domin tana da dafi mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi.

4. Kalaci da kuɗin tara

Babu abincin da ya fi kalaci muhimmanci ga ɗan makaranta, domin tun tuwon dare cikinsa bai ga kome ba. Ba sai an yi wani shiri mai tsada ba. Ɗumamen tuwo da miya, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko fura da nono, duk sun isa. Abin da ke hana yara da yawa shi ne tsoron latti, sai su fito da gudu ba su karya ba. Ya kamata malami ya auna wannan kafin ya tsai da doka mai tsanani a bakin ƙofa.

Sa'an nan ga kuɗin tara. Yaro ya fito da 'yan kuɗinsa a hannu, ga masu talla a jere a bakin makaranta. Wata tana da awara, wata ɗanwake, wata alala, wata dafaffen ƙwai, wata kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wata dafaffiyar gyaɗa. Ga kuma mai alewa da biskit da cingam da ruwan zaƙi mai launi cikin leda. Kuɗin ɗaya ne, amma abin da ya ke saye ba ɗaya ba ne. Awara da ɗanwake za su riƙe shi har a tashi, su kuma ƙara masa tsoka. Alewa za ta ba shi ɗan kuzari na ɗan lokaci, sa'an nan yunwa ta komo, ta bar masa zaƙi a haƙori wanda ƙwayoyin cuta za su mai da shi tsami mai huda haƙorin.

Lemon kwalba guda mai santilita 35 ya kan ɗauki sukari wajen cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2015 kada sukarin da a ke ƙarawa cikin abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, in ya kasa kashi 5 ma ya fi. Kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yaro na yini duka. A birane yanzu ana ganin wata cuta wadda kishiyar rama ce, watau yaro ya yi ƙiba fiye da kima sabo da zaƙi da soye-soye da zama wuri ɗaya. Iyaye su kan yi murna su ce hutu ne, alhali kuwa ita ce ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya in ya girma. Taliyar leda da yara ke so ma gishirinta yana da yawa, abin gina jikinta kaɗan ne. In za a ba su, a sa ƙwai da ganye a ciki.

Kada malami ya kori masu talla, gama sana'arsu ke nan, yara kuma suna bukatarsu. Abin da ya fi shi ne hedimasta ya tara su, ya ba su wuri mai inuwa nesa da bola da makewayi, ya sharɗanta musu su rufe abinci sabo da ƙuda da ƙura, ya kuma fifita masu sayad da abin da ke gina jiki.

5. Tsabta

Abinci mai kyau ba ya amfanin yaron da tsutsa ke raba shi da shi. Ƙwan tsutsar ciki yana fita cikin bayan gida, ya shiga ƙasa, ya komo baki ta hannun da ba a wanke ba, wata irin kuma ta kan huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi. Tsargiya kuwa, watau fitsarin jini, a kududdufi da tafki a ke ɗaukarta. A gundumar Busiya ta ƙasar Kenya, daga shekarar 1998, an raba maganin tsutsa a makarantun firamare 75, sai aka ga fashin zuwa makaranta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka in ma'aikatan lafiya suka zo rabon wannan magani, malami ya taimake su da zuciya ɗaya. A kuma ajiye buta da sabulu a bakin aji, ko toka in babu sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya ci da bayan ya fito daga makewayi. Randar ruwan sha ta zama da murfi da moɗa tata.

6. Ciyarwa a makaranta

Hukuma ta ciyad da 'yan makaranta ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, bayan yaƙin da suka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, hankalin manyansu ya tashi da suka ga samari da yawa da suka zo shiga soja jikinsu bai isa ba. Wannan yana cikin abin da ya jawo dokar 1906 wadda ta ba hukumomin gari izini su ciyad da 'ya'yan talakawa a makaranta. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyad da 'yan aji ɗaya zuwa uku a shekarar 2016, a kan naira 70 ko wane yaro, da nufin a sayi kayan abincin daga manoman wurin, matan wurin kuma su dafa. A farkon 2024 aka dakatad da shi. Darasin da ke ciki shi ne, irin wannan shiri yana jawo yara makaranta, amma yana iya tsayawa ko yaushe, sabo da haka makarantar da ta dogara gare shi kaɗai za ta wayi gari hannu wofi.

Abin da ke hannunku shi ne lambun makaranta. Zogale ba ya son ruwa da yawa, a kan dasa reshensa ya kama, cikin 'yan watanni a fara tsinkar ganye. Rama da alayyafo da kuɓewa da wake su kan yi da damina ba wahala. Ko wane aji ya sami kunyarsa, a kewaye da ƙaya ko zana sabo da awaki. Yaro zai koyi awo da lissafi a wurin, ya motsa jikinsa, ya kuma kai iri gida. Amma fa amfanin lambun na yara ne. Ran da suka ga an kwashe shi an kai gidan malami, ran nan darasin ya mutu.

7. Wasa

Yanzu sai mu juya wajen motsa jiki. Zuciya tsoka ce, kamar ta dantse, in ana sa ta aiki sai ta ƙara ƙarfi. Ƙashi ma in ana tsalle da gudu a kansa ya kan yi ƙwari, ƙuruciya kuwa ita ce lokacin da a ke tara ƙwarinsa. Yaron da ya yi wasa ya kan ci abinci da marmari, ya yi barci mai nauyi, in ya komo aji kuma hankalinsa ya fi tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami wajen minti 60 ko wace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru, kuma aƙalla kwana uku a mako ya yi mai ƙarfi, irin wanda ke gina tsoka da ƙashi. Ba tilas a yi minti 60 ɗin gaba ɗaya ba, ana iya tara su kaɗan kaɗan.

Wani zai ce yaranmu ai suna aiki, suna ɗebo ruwa, suna zuwa gona, suna kiwo. Haka ne ga yaran ƙauye, kuma tafiyar ƙasa zuwa makaranta ma tana cikin lissafi. Amma ɗaukar kaya mai nauyi a ka ba ya maimakon wasa, gama ba ya koya wa yaro zafin nama da haɗa kai da bin doka. Yaron birni kuwa wanda a ke kawowa a babur ko a mota, ya koma gida ya zauna gaban talabijin ko ya riƙe waya, shi ba aikin, ba wasan.

Rashin kaya ba hujja ba ne, domin wasanninmu na gargajiya ba su bukatar kome. Langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, tana ƙarfafa cinya tana koya tsayuwa. Kokawa a kan rairayi, in an haɗa tsara da tsara malami yana tsaye, tana aikin jiki duka. Ga tsere, ga ɓuya, ga tsallen igiya, ga 'yar gala-gala, ga gaɗa ta 'yan mata wadda ta haɗa tsalle da tafi. Dara da carafke suna wasa ƙwaƙwalwa da hannu, suna da kyau, amma a zaune a ke yin su, kada a lissafa su cikin minti 60. Ƙwallon ƙafa yana da daɗi, sai dai in ƙwallo ɗaya ce yara kuwa sun yi yawa, manya kaɗan ne za su taɓa ta. Gara a raba su ƙungiya ƙungiya, ko wace da nata wasa.

Ga wani misali daga garin Stirling na ƙasar Sikotilan. A shekarar 2012 shugabar wata makarantar firamare, Elaine Wyllie, ta ga almajiranta da yawa ba su iya kewaya filin wasa da gudu ba tare da sun tsaya ba. Sai ta sa ko wane aji ya riƙa fita kullum na minti 15, da tufafinsu na makaranta, kowa ya yi gudu ko sassarfa gwargwadon ƙarfinsa, ba gasa, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Ba a sayi kome ba. Dabarar ta bazu zuwa makarantu dubbai a ƙasashe da yawa. Babu abin da zai hana a yi ta a makarantunmu, sai dai mu a yi ta da sassafe, kafin rana ta yi zafi, musamman da bazara, a kuma ajiye ruwan sha kusa.

8. Waɗanda a kan manta da su

'Yan mata su ne na fari. A makarantu da yawa maza ke cinye fili, mata suna rakuɓe a gindin bango. A ware musu nasu wuri da nasu lokaci, in da malama ita ta tsaya musu, ta haka iyaye ma hankalinsu zai kwanta. Jikinsu yana bukatar ƙwarin ƙashi da isasshen jini ko fiye da na maza, sabo da abin da ke gabansu.

Sa'an nan yaro mai naƙasa, kamar wanda shan inna ya taɓa, kada a bar shi gadin takalma. A nema masa wasan da zai iya, kamar jifa da cafe ƙwallo. Mai amosanin jini, wanda a ke kira sikila, ya yi wasa mai sauƙi, ya sha ruwa da yawa, ya huta da ya ji gajiya, kada a tilasta shi. Mai zazzaɓi ba ya wasa sai ya warke. Wanda aka san bai ci kome ba, a fara neman abin da zai sa a bakinsa tukuna.

Abu biyu kuma mu ke gargaɗinku a kansu. Kada ku mai da motsa jiki horo, kamar tsallen kwaɗo ko kewaya fili cikin rana, domin yaron da aka hora da gudu zai tashi yana ƙin gudu. Kada kuma ku kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa sabo da rama, ko ƙiba, ko abin da a ke dafawa a gidansu. Ba shi ya zaɓa ba.

9. Abin da za ku fara da shi

In kun kama aiki, ku yi zane na awo a jikin bangon aji, ku auna tsawon ko wane yaro a farkon zango da ƙarshensa, ku rubuta a littafi. Wanda shekara ta kewayo bai motsa ba, ku yi magana da iyayensa a keɓe. Ku sa yara su kawo ɗan samfurin abinci daga gida, su jera shi gida uku a kan tabarma, gama gani ya kori ji. Ku koya musu su sa yatsa a wuyan hannu su ƙirga bugun jini na minti ɗaya, sa'an nan su yi gudu su sake ƙirgawa, su ga da kansu aikin da zuciya ke yi. Kada ku ba da lokacin wasa ga lissafi wai don jarrabawa ta matso. Ku tuna wa iyaye a taronsu cewa yaro na wannan tsara yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Bayan wannan duka, ku sani yara sun fi koyi da abin da malami ke yi bisa abin da ya ke faɗi. In sun ga kun wanke hannu, kun sayi gyaɗa da goba, kun tuɓe babbar riga kun shiga fili tare da su, za su bi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Kawo aiki uku da abinci ke yi a jiki, da misali huɗu na ko wane daga kasuwar garinku.
2. Don me haɗin hatsi da wake ya fi ko wannensu shi kaɗai?
3. Wace alama ce za ta sa ka yi zaton yaro yana da ƙarancin jini, me kuma za ka yi?
4. Tsara yadda ɗan aji uku zai sami minti 60 na motsa jiki a ranar makaranta, ba tare da an sayi kome ba.
5. Hedimasta ya ce zai kori masu talla duka daga bakin makaranta. Wace shawara za ka ba shi?